Miracle in Cell No. 7 (fim na 2013)

Miracle in Cell No. 7 fim ne na Koriya ta Kudu da ya fito ranar 23 ga Janairu, 2013, kuma Lee Hwan-kyung ne ya ba da umarninsa. Sunansa da harshen Koriya na nufin "Kyautar Ɗaki na 7". An sayar da tikitinsa sama da miliyan 12 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 50 da ɗoriya ba.

Labari

Labarin fim ɗin yana faruwa ne a 1997. Yong-gu magidanci ne mai lalurar ƙwaƙwalwa, tunaninsa bai wuce na ɗan shekara 6 ba, shi kaɗai yake riƙon 'yarsa Ye-seung. 'Yar shugaban 'yan sanda ta zame a kan ƙanƙara ta rasu, aka tarar da shi yana ƙoƙarin ceto ta, sai aka ɗora masa laifin. A gidan yari, abokan ɗakinsa da suka fara da jibgarsa su ne daga baya suka shigo masa da Ye-seung a ɓoye cikin kwali. Da aka yi masa barazana da rayuwarta, sai ya amsa laifin da bai aikata ba, aka zartar masa da hukuncin kisa.

Ƙarfinsa

Ƙashin bayan fim ɗin shi ne shaƙuwar uba da 'ya. Ryu Seung-ryong, wanda fitowarsa a matsayin Yong-gu ta ba shi babbar lambar yabo ta Baeksang (bikin karrama fina-finai a Koriya ta Kudu) a 2013, da ƙaramar Kal So-won da ta fito a matsayin Ye-seung sun sa mai kallo ya manta wasa ne. Inda fim ɗin ya fi taɓa zuciya shi ne ƙananan wurare, kamar inda yarinyar ke koya wa shugaban ɗakin karatu, ƙaton ɗan daba da bai san ko baƙi ba. Dariyar da ake yi a rabin farko ita ke sa kukan ƙarshe ya yi zafi.

Zaluncin da ya nuna ma ba ƙage ba ne. Ana danganta tushen labarin da shari'ar Jeong Won-seop, wanda aka azabtar har ya amsa laifin kashe 'yar wani jami'in 'yan sanda a garin Chuncheon a 1972. Ya yi shekara 15 a ɗaure, sai a 2008 kotu ta wanke shi. A Disambar 1997 ne kuma Koriya ta Kudu ta zartar da hukuncin kisa na ƙarshe.

Rauninsa

Koriyawa na da kalmar "sinpa" ga wasan da ke matso hawaye da ƙarfin tsiya, kuma wannan fim bai tsira daga zargin ba. Kiɗa na tashi tun kafin mai kallo ya ji komai, ana jan bankwana har ya gundura. An ma haɗa ranar zartar wa Yong-gu hukuncin kisa da ranar haihuwar Ye-seung. Zaman yarinya kwana da kwanaki a kurkuku, da yunƙurin tserewa a balan-balan, hankali ba ya ɗauka.

Abin da ya fi damuwa shi ne yadda aka zana Yong-gu. Ba shi da fushi, ba shi da aibi, an mai da lalurarsa abin jawo tausayi kawai, alhali masu irin wannan lalura cikakkun mutane ne masu halaye iri-iri. Shugaban 'yan sandan ma mugu ne zalla, duk da cewa uba ne da ya rasa 'ya.

An sake shirya fim ɗin a Turkiyya da Filifin a 2019, sai Indunusiya a 2022.