Tambayoyi da amsoshi kan haɗa ƙananan motocin tsere na roba

Duk wanda ya shigo ɗakina a Gwale, idonsa kan fara sauka a kan kantar da na jera ƙananan motocina. Samarin layinmu sun sha tsare ni da tambaya a kansu bayan sallar la'asar, sai na ga gara in tattara waɗanda aka fi maimaitawa in amsa su wuri guda.

Yaya, waɗannan ba kayan wasan yara ba ne?

A'a, ƙanena. Motar wasa a haɗe ake sayenta. Wannan kuwa a kwali take zuwa a warwatse, gunduwa-gunduwa, wani lokaci sama da guda ɗari, duk a manne jikin firam ɗin roba, ba fenti. Kai za ka yanko kowane, ka goge, ka fenta, ka manna. Yawancinsu a kan ma'aunin 1:25 ko 1:24 ake yin su, wato an rage komai na motar gaske sau 25 ko sau 24. Ford ta 1932, wadda tazarar tayarta ta gaba da ta baya inci 106 ce, sai tazarar ta dawo kusan santimita 11, motar ta zauna a tafin hannu. Kamfanonin da suka yi fice a wannan fanni su ne AMT da Revell da Monogram da MPC, dukkansu a Amurka suka faro.

Ni da motar langa-langa na fara, mai tayar silifas, kamar kowane yaron Kano. Hannun da ya iya lanƙwasa gwangwani ya fitar da bodin tirela, wallahi ya riga ya yi rabin karatun wannan aiki.

Mece ce hotrod, mece ce kuma diragsta?

A shekarun 1930, samarin kudancin Kalifoniya da ba su da kuɗin sabuwar mota suka riƙa sayen tsofaffin Ford, Model T da Model A, da araha. Sai su cire madigadi da duk wani abu mai nauyi, su gyara inji, su fita busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Ita ce hotrod. Ford ta 1932 ta zama sarauniyarsu, domin a shekarar ce kamfanin ya fito da injin V8, mai silinda takwas, a motar da talaka zai iya saya. Da tsere ya yi yawa a kan titunan gari, Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a mayar da shi filin da ke da doka.

Daga nan diragsta ta fito: doguwa, siririya, tayoyin gaba ƙanana kamar na keke, na baya manya marasa zane. Aikinta guda ne, ta tashi daga tsaye ta cinye miƙaƙƙen layi na rubu'in mil, kusan mita 402. Bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008, aka rage wa mafi ƙarfinsu tazarar zuwa ƙafa 1,000, kusan mita 305, kuma suna gamawa cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, da gudun da ya haura kilomita 500 a sa'a. Birki kaɗai ba ya tsayar da su, sai da lema a baya.

Me ya sa mai haɗa ta roba zai damu da wannan tarihi?

Saboda shi zai hana ka kwamacala. Ka ɗauki wurin zaman inji. A shekarun 1960 injin diragsta a gaban direba yake, shi kuma yana zaune can baya, bayan tayoyi. A 1970 giyar motar Don Garlits ta fashe a filin tsere, ta raba motar biyu, ta tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. Da ya warke, ya dawo a 1971 da mota mai inji a bayan direba, ya yi nasara da ita, sauran suka bi sahu. To idan kwalinka mai inji a gaba ne, ka san zamanin da kake ciki, kada ka ɗora mata dogon fiffiken baya irin na motocin yanzu.

Wane kayan aiki zan tanada?

Ba su da yawa. Reza mai kaifi, abin yanke farce don ciro gunduwa daga firam, sanfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, tsinken sakace, salatif na masu fenti, da burushi siriri. Zagaye ɗaya a kasuwar Sabon Gari ya isa. Kada dai ka murɗe gunduwa da hannu, tana barin rami.

Sufa gulu ba zai yi ba?

Zai yi a wasu wurare, amma ka nisanta shi da gilashi. Tururinsa yana barin farin dabbare da ba ya gogewa. Gam ɗin da aka yi wa irin wannan roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, shi ya sa ɗigo guda a bakin tsinke ya wadatar. Gilashi kuwa, farin gam na kafintoci ya fi, yana bushewa garau. Sassan da suka zo da ƙyalli kamar azurfa, sai ka kankare ƙyallin a daidai inda za ka manna, in ba haka ba gam ba ya kamawa.

Fenti fa? Na ga naka yana sheƙi kamar na gaske.

Nan ne Kano take gwada haƙurin mutum. Wata shekara cikin hunturu na fesa wa wata Ford jan fenti a tsakar gida, ya kwanta lumui, na bar ta a kan turmi ta sha iska. Kafin in dawo daga masallaci ƙura ta zauna mata, bodin ya koma kamar sanfefa. Mako biyu na yi ina gyara, har yau ina jin zafin abin. Tun daga ranar nake yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi, ina gamawa in kife babbar roba mai tsabta a kan motar.

Zafin bazara ma da nasa. Idan rana ta take, fenti kan bushe a iska kafin ya isa jikin roba, ya fito da gurje-gurje. Ka yi feshi da sassafe, a inuwa, inda iska ke wucewa, da takunkumi a hanci. Motar kanta kada ka bar ta a taga ko cikin mota a rufe, roba ce, tana lanƙwashewa.

Tsarin shi ne: ka wanke bodin da sabulu, ya bushe, ka fesa fentin share fage, sannan launi a hawa uku marasa kauri, gwangwanin feshi na nesa da kamar taƙi guda. Fentin motar gaske da tinar masu fentin mota suna cin wannan roba, don haka kowane sabon fenti ka fara gwada shi a kan ragowar firam.

Dole ne in bi takardar da ke cikin kwali?

A motarka ta farko, ka bi ta sau da ƙafa. Daga ta biyu kuma, ni a ganina wanda ya haɗa hotrod yadda ta zo bai taɓa komai ba, bai shiga cikin abin ba tukuna. Samarin Kalifoniya ba su bar Ford yadda ta fito daga kamfani ba. Su ma masu yin kwalayen sun san haka: tun 1958 AMT ke sayar da kwali mai zaɓi uku, ka haɗa ta yadda take, ko ta ado, ko ta tsere.

Gyaran da na fi so shi ne rage tsawon rufi. A motar gaske sukan datse kamar inci uku daga ginshiƙan taga, a tamu milimita uku ke nan. Ka zagaya salatif mai faɗin milimita uku a kan ginshiƙan, ka yanka sama da ƙasansa a hankali, ka sauke rufin ka manna, ka cike tsagar, ka goge. Ford ta 1932 ta fi sauƙi, domin ginshiƙanta kusan a tsaye suke. Mota mai ginshiƙai a karkace, kana saukewa za ka ga rufin ya gaza, sai ka tsaga shi ka yi masa ƙari.

Sai wayoyin fulogi, waɗanda kwali ba kasafai yake zuwa da su ba. Wayar gaske ta kai milimita 8, tamu kusan 0.3. Siraran wayoyin cikin mataccen abin sauraro na kunne, irin wanda masu gyaran waya a Farm Centre ke zubarwa, sun yi daidai. Ka huda ƙananan ramuka da allura, ka dasa guda takwas wa V8. Diragstar zamani fulogi biyu take da shi a kowace silinda, wato goma sha shida. Ranar da ka gama wannan ka miƙa wa wani bakanike ya duba, za ka ga ya matso da ita kusa da ido yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ragowar kaya kuma ba a zubarwa. Injin wannan kwali ya shiga bodin wancan, tayoyin diragsta su koma bayan hotrod. Tayar ma ka ɗan goga ƙasanta a sanfefa, sai motar ta zauna kamar mai nauyi.

A ina zan samu, kuma da wacce zan fara?

Nawa ta intanet na yi odar wasu, wasu kuma wani ɗan'uwa ya taho mini da su daga tafiya. Da canjin dala da kuɗin aike, ba abu ne mai araha ba, shi ya sa nake cewa ka sayi guda ɗaya ka zauna a kanta wata biyu. Ka duba jikin kwalin, akwai lambar da ke nuna wahalar aikin, ka zaɓi ta ƙasa-ƙasa. Ka fara da hotrod, diragsta ta jira, domin ƙashin jikinta siraran sanduna ne, in guda ta karkace duk motar ta karkace. Kafin kwalin ya iso kuma, ka samo cokulan roba ka yi ta gwada feshi a bayansu, har sai fentin ya daina zuba.