Turotilin: lokacin da laftof ta sassauta wa kanta totur

Duk mai buga gem a laftof ya san wannan. Ka fara eFootball ko GTA V komai sumul, bayan kamar minti 20 sai fanka ta kama kuka kamar injin markaɗe, hoto ya riƙa tsinkewa, ɗan wasanka ya tsaya yana kallon ƙwallo. Wani ya ce bairos ne, wani ya zagi netiwok. Ka kai wa mai gyara, ya taɓa ƙasanta, ya ce maka turotilin take yi.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Daga tushenta na Turanci muka samo totur ɗin babur. A kwamfuta, turotilin shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta rage gudunta da kanta saboda zafi ya kusa fin ƙarfinta. Akwai ma'aunin zafi a cikinta. Yawancin furosesocin Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne, katin hoto na Nvidia a laftof kuwa, wato ɓangaren da ke zana hoton gem, tun wajen 87 yake fara ja da baya. Da an kai nan sai ta sassauta, wutar da take ci ta ragu, zafin ya sauka, kai kuma wasanka ya lalace. Ba lalacewa ta yi ba, ranta take karewa. Abin da zai bambanta maka shi da matsalar netiwok: turotilin ba ya zuwa da farko, sai ta ɗau zafi. Manhaja irin HWMonitor za ta nuna maka lambar zafin ƙiri-ƙiri.

Mu a Katsina abin ya fi tsanani. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take zuƙa ta hura a kan bututun tagullar da ke ɗauko zafi daga furosesa. Kamfanoni da yawa kan rubuta cewa a yi amfani da laftof a inda zafi bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu rana kan kai 40 har ta haura. Hunturu ya zo da sauƙi, sai ƙurar buji ta shige ta toshe 'yan ƙarafan nan masu kama da haƙoran mataji da iska ke fita ta tsakaninsu.

Amma a ganina babbar mai laifi katifa ce. Ramukan shan iska a ƙasa suke, ka ɗora ta kan katifa ko filo, ka toshe mata hanci. Teburi ya fi, ka ɗan tokare bayanta da wani abu iska ta ratsa. Faifan nan mai fanka da ake sayarwa yana ɗan taimakawa, amma bai kai a buɗe ta a kakkaɓe ƙura ba, a kuma canza man da ke tsakanin furosesa da bututun in ya bushe. A cikin gem ɗin ma, ka tsayar da saurin hoto a kan hotuna 60 a daƙiƙa, ka rage inuwa. Ƙanena ya taɓa cewa zai sa tasa a firij kafin wasa. Raɓar da za ta taru a ciki kawai na tuna masa.