Rufe makarantun firamare a birane masu tsada

Rufe makarantun firamare a birane masu tsada al'amari ne da ya bayyana a manyan biranen ƙasashe masu arziki, inda kuɗin gida ya fi ƙarfin mai iyali, haihuwa kuma ta ja baya, har azuzuwa suka rasa yaran da za su cika su. Ya sha bamban da rufe makarantar ƙauyen da jama'a suka watse suka bar shi kufai. A nan birnin cike yake maƙil da mutane, kasuwa na ci, jiragen ƙasa ba masaka tsinke safe da yamma. Yara ne suka yi ƙaranci. An fi ganin abin a tsakiyar Landan tun daga wajen 2019, amma Tokiyo ta ɗanɗana shi shekaru talatin kafin nan, Seoul da Hong Kong da San Francisco kuma suna cikinsa yanzu.

Yadda abin ya faro a Landan

Abin mamaki shi ne, ba a daɗe ba da kukan Landan ya kasance na rashin gurbi. Daga farkon shekarun 2000 zuwa 2012 haihuwa ta yi ta hawa a birnin, ƙananan hukumomi suka shiga faɗi-tashin neman inda za su zuba yara. An yi ta ƙara azuzuwan wucin gadi a filayen wasa, an faɗaɗa tsofaffin makarantu, an gina sababbi. Daga 2012 sai reshe ya juye da mujiya. Ƙungiyar ƙananan hukumomin Landan ta ce tsakanin 2012 da 2021 yawan jariran da ake haifa a birnin ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari, wato sama da jarirai 23,000 a shekara. A Ingila yaro yakan shiga ajin share fage a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara 4, don haka ƙarancin da aka gani a ɗakin haihuwa sai bayan shekara 4 zuwa 5 yake iso ƙofar makaranta. Bayan wasu shekaru 7 kuma ya isa sakandare.

Raguwar haihuwa ba ta Landan kaɗai ba ce. A Ingila da Wales matsakaicin abin da mace ke haifa ya sauko zuwa 1.44 a 2023, adadin da ba a taɓa rubuta mafi ƙanƙanta da shi ba kafin wannan shekarar. Amma a tsakiyar Landan akwai wata cuta a kan wannan: yaran da aka haifa ma ba sa zama. Matsakaicin farashin gida a birnin ya haura fam 500,000, kuɗin haya da na renon yara kuma suna cinye albashi. Ma'aurata kan iya lallaɓawa a gida mai ɗaki ɗaya da jariri guda. Da zarar na biyu ya zo, ko na farkon ya kusa shiga makaranta, sai a fara duba taswira, a nufi gefen birni ko yankunan Kent da Essex da ke makwabtaka da shi.

Masu kuɗi suna ƙaura da zaɓinsu. Talakawa kuwa turo su ake yi. Dokar 1980 ta gwamnatin Margaret Thatcher ta bai wa masu haya a gidajen ƙaramar hukuma damar sayen su da rangwame, ba a kuma maye gurbin yawancin waɗanda aka sayar ba. A 2013 aka sa iyaka ga jimlar tallafin da gida ɗaya zai iya karɓa, daga 2016 zuwa 2020 aka daskarar da tallafin haya alhali hayar tana ta hawa, a 2017 kuma aka taƙaita wani tallafin yara ga biyu na farko. Iyalin da mai gida ya kora, ƙaramar hukuma takan ba su masaukin wucin gadi a wata unguwa mai nisa, wani lokaci ma a wajen birnin. Yaro ya yi wata biyu yana hawa bas biyu ko uku zuwa tsohuwar makarantarsa, daga baya uwar ta gaji ta canza masa. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai bayan ƙuri'ar 2016 da annobar korona ta 2020 sun ƙara kwashe wasu iyalan.

Rushe-rushen da ake kira sabunta unguwa su ma suna da hannu. A ƙaramar hukumar Southwark an rushe rukunin gidajen Heygate, mai gidaje kusan 1,200, tsakanin 2011 da 2014, aka gina dogayen benaye masu tsada a wurin. Mutane sun cika su, amma galibi ma'aikata ne marasa iyali da ɗaliban jami'a. A wannan ƙaramar hukumar Peckham take, unguwar da aka daɗe ana yi wa kirari da ƙaramar Legas saboda yawan 'yan Najeriya. Da yawa daga cikin iyalan Afirka da suka taso a can yanzu sun koma gabashin birni da garuruwan bakin kogin Thames inda gida ya fi sauƙi.

Kuɗi na bin kan yaro

Dalilin da ya sa ƙarancin yara ke kashe makaranta, maimakon ya ba ta sarari, yana cikin tsarin rabon kuɗi. A Ingila mafi yawan abin da gwamnati ke bai wa makaranta bisa kan ɗalibi ake lissafa shi. Ana ƙirga yara a wata rana cikin watan Oktoba, adadin da aka samu shi ne ma'aunin kasafin shekara mai zuwa. Doka ta 1998 ta hana aji ya wuce yara 30 a shekarun farko na firamare, saboda haka aka gina komai a kan 30: makaranta mai aji ɗaya a kowane mataki tana da azuzuwa 7 da kujeru 210.

A ƙaddara, don misali kawai, kowane yaro yana zuwa da fam 6,000. Ajin da ya tashi da yara 20 maimakon 30 ya yi asarar fam 60,000 a shekara. Idan haka abin yake a duk azuzuwa 7, asarar ta kai fam 420,000. Malamar ajin kuwa albashinta bai ragu ba don yara 10 sun tafi. Kuɗin ɗumama gini a lokacin sanyi yana nan, rufin da ke yoyo bai san yawan ɗalibai ba. Sai shugaban makaranta ya fara yanka: mataimakan malamai su ne na farko, sai darasin kiɗa da fita yawon ilimi, sai a haɗa yaran aji biyu a ɗaki ɗaya. Iyaye na ganin haka sai raɗe-raɗin rufewa ya bazu a bakin ƙofa, masu hali su zare 'ya'yansu tun kafin a ce komai, waɗanda za su cike takardar neman gurbi kafin 15 ga Janairu su tsallake sunan makarantar. Jita-jitar kanta takan ƙarasa abin da ƙarancin haihuwa ya fara.

Makarantun da aka rufe

A ƙaramar hukumar Camden an rufe St Aloysius, makarantar Katolika da ke Somers Town kusa da tashar Euston, a 2019, sannan Carlton da ke Gospel Oak a 2021. Ƙaramar hukumar Hackney ta fi jan hankali. Bayan ta ga sama da ɗaya cikin biyar na kujerun ajin share fage babu kowa a kansu, majalisarta ta yanke shawara a Disamban 2023 cewa makarantu huɗu za su rufe ƙofa a bazarar 2024: De Beauvoir, Randal Cremer, Baden Powell da Colvestone. Ita Colvestone, a Dalston, tun 1852 take, tana cikin makarantun da William Ellis ya kafa wa 'ya'yan masu aikin ƙarfi kafin gwamnati ta ɗauki nauyin ilimin firamare. Iyayen ɗalibanta sun yi zanga-zanga, sun tara sa hannu, sun kafa hujja da sababbin gidajen da ake shirin ginawa a unguwar, duk bai hana ba. A 2025 Hackney ta sake rufe wasu huɗu. Southwark da Islington da Lambeth duk sun bi sahu. Igiyar ta fara taɓa sakandare ma: Archbishop Tenison's da ke Lambeth, wadda aka kafa a 1685, ta rufe a 2023.

Wace makaranta ce ake zaɓa? A nan ne rashin adalcin tsarin ya fi fitowa fili. Tun bayan dokar 2010 makarantu da yawa sun zama akadami, wato gwamnatin tsakiya ke ba su kuɗi kai tsaye, ƙaramar hukuma ba ta da ikon rufe su. Ƙaramar hukumar ce doka ta ɗora wa alhakin daidaita gurabe da yawan yara, amma wuƙarta a kan nata makarantun da na coci kawai take ci. Ga kuma zaɓin iyaye: a Landan ana iya jera makarantu har 6 a takardar nema, kuma idan gurabe suka yi yawa kowa sai ya samu wadda ya fi so. Makarantar da ta yi suna tana nan cike, ragin duka ya taru a kan wadda ke cikin rukunin gidajen talakawa, mai yawan yaran da ke cin abincin rana kyauta da masu buƙata ta musamman. Su ne kuma ƙaura ta fi yi wa illa. Yaron da ke da lalurar galahanga, wanda ya ɗauki shekara biyu kafin ya saba da malama ɗaya da hanya ɗaya, sai a ce ya koma farko.

Doka ta tanadi matakai: jin ra'ayin jama'a, sanarwa a hukumance, makonni 4 na kai ƙorafi, sannan hukunci. Iyaye da yawa suna ganin jin ra'ayin cika sharaɗi ne kawai, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya, tunda kafin a kai ga wannan matakin asusun makarantar ya riga ya shiga ja.

Wasu biranen

A Seoul, inda matsakaicin haihuwa ya faɗo zuwa 0.55 a 2023, ƙasa da 0.72 na Koriya ta Kudu baki ɗaya, an rufe firamaren Hwayang a wannan shekarar. Unguwar da take ciki ta cika da ɗakunan haya na mutum ɗaya. Hong Kong ta sa ƙa'ida cewa makarantar da ba ta tara yara 16 a ajin farko ba ba za a ba ta kuɗin buɗe ajin ba, mutanen garin kuma suna kiran abin kashe makaranta. San Francisco, wadda ake yawan yi wa ba'a cewa karnukanta sun fi yaranta yawa, ta fitar da jerin makarantun da za a rufe ko a haɗe a Oktoban 2024. Iyaye suka yi ca, shugaban hukumar makarantun Matt Wayne ya yi murabus, aka jingine shirin.

Makomar gine-ginen

Tambayar da ta fi wuya ita ce abin da za a yi da ginin. Landan ta taɓa shiga wannan halin. Jama'arta sun ragu daga kimanin miliyan 8.6 a 1939 zuwa ƙasa da miliyan 7 a shekarun 1980, aka sayar da tsofaffin makarantu masu jan bulo da dogayen tagogi, irin waɗanda hukumar makarantun birnin ta gina bayan 1870. Yau da yawansu gidajen alfarma ne. A saman wasu ƙofofin har yanzu ana iya karanta rubutun da aka sassaƙa a dutse mai nuna mashigar yara maza da ta mata. Da haihuwa ta dawo bayan 2000, filin da za a sake gina makaranta ya yi tsadar da ba a iya saye. Wannan ne ya sa wasu ƙananan hukumomin yanzu suke riƙe ginin, su mai da shi wurin koyar da yara masu buƙata ta musamman ko cibiyar kula da iyali.

Japan ta fi kowa gogewa a wannan. A Kyoto, tsohuwar firamaren Tatsuike ta zama gidan adana littattafan zane na manga a 2006. A Tokiyo, tashin farashin fili na shekarun 1980 ya kori mazauna tsakiyar birni, har gundumar Chiyoda ta haɗe firamarenta 14 suka koma 8 a 1993. Makwabciyarta Chuo ta sauko zuwa mutum kusan 72,000 a 1997. Daga nan farashi ya faɗi, aka shiga gina dogayen benaye na zama a bakin teku, iyalai suka dawo, jama'ar gundumar suka ninka fiye da sau biyu. A 2024 sai da Chuo ta buɗe sabuwar firamare a Harumi, a filin da aka sauki 'yan wasan Olamfik na Tokiyo.