Matsa Ƙafa da Hannu Ba Ya Gano Gudan Jini

An daɗe ana cewa a nan Maradi, idan ƙafa ɗaya ta kumbura, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, a matsa sha-raɓa. In babu zafi, sanyi ne kawai. Likitoci ma sun taɓa dogaro da irin wannan gwaji don gano gudan jini a jijiyar ƙafa, amma an gano cewa yana yawan kuskure.

Abin dogaro shi ne eko, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura a asibiti, wanda mutane da yawa ke ɗauka na masu ciki ne kaɗai. Ana danna na'urar a kan jijiya: lafiyayya takan lotsa, wadda jini ya daskare a cikinta kuwa takan ƙi. Daga gwiwa zuwa cinya, eko yana gano sama da kashi 90 cikin 100 na gudan jini, amma a ƙasan gwiwa ƙarfinsa yakan ragu, shi ya sa akan maimaita bayan mako guda.

A gida, a auna kaurin ƙafafun biyu da tef ɗin tela, santimita 10 ƙasa da gwiwa. Bambancin da ya haura santimita 3 dalili ne na zuwa asibiti, ba na tausa ba, domin gudan yana iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.