Kwamfutata tana mutuwa tana tashi da kanta, me zan yi?

In yi mata fomatin kawai?

A'a. Kowa da wannan yake farawa. In ƙura ce ta toshe fanka, ko sau goma ka sake zuba Windows, ƙurar tana nan inda ka bar ta. Fomatin sai an rasa yadda za a yi.

Bairos ne?

Da wuya. Bincika da manhajar tsaron da ke kanta, ka wuce wurin.

To da me zan fara?

Kwashe muhimman fayilolinka zuwa filashi yau ɗin nan, tun tana ba ka 'yan mintuna. Sannan ka lura da lokacin da take yi: da an kunna ta, ko sai ta ɗauki aiki mai nauyi, ko tana zaune ba a taɓa ta ba? Wanda ya ce mini "haka kawai take yi" bai faɗa mini komai ba.

Shuɗin allo yana giftawa, kafin in karanta ta mutu.

Wannan ma da sauƙi, don ta yi maka magana ke nan. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sai Settings na ƙarƙashin Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Nan gaba allon zai tsaya. Ɗauki hotonsa da waya. In ka ga MEMORY_MANAGEMENT, fara zargin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. In ka ga sunan fayil mai ƙarewa da .sys, galibi direban wata na'ura ne, wato manhajar da ke sarrafa ta, musamman in kwanan nan ka saka shi.

Ba shuɗin allo, ba saƙo. Da na buɗe wasa ko aikin bidiyo sai ta ɗauke ɗif ta sake tashi.

Nan ne mai wuyar, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya daga nesa cinta yake yi. Uku nake zargi: zafi, akwatin wuta (power supply, mai raba wa sassan kwamfuta lantarki), RAM.

Fara da zafi, don ba ya cin kuɗi. Saka manhaja irin HWMonitor ka sa ido kan zafin firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, yayin aikin. In tana kaiwa maki 95 zuwa 100 a ma'aunin Celsius, ka share ƙura, ka tabbatar fanka na juyawa, wataƙila kuma man nan da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe. Sai dai a yawancin lokuta zafi kashe kwamfuta yake yi ta zauna a mace, bai cika sake tayar da ita ba. Don haka in zafin bai kai can ba, hankalina ya fi kwanciya da akwatin wuta: ya tsufa, ko ƙarfinsa bai kai abin da katin hoto (graphics card) ke ja ba. Abin haushin, babu manhajar da za ta tabbatar maka da wannan. Sai ka aro wani lafiyayye ka gwada. A laftof, gwada wata caja, ka kuma gwada da batir kaɗai.

RAM kuwa, danna Windows da R, rubuta mdsched ka bar Windows ta gwada ta, amma cin wannan jarrabawar bai wanke ta sarai ba. Gwaji da manhajar MemTest86 na tsawon dare ya fi. In sanda biyu ce, cire ɗaya ka yi aiki da ɗaya, sannan ka musanya.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, don Allah. In ka taɓa uku tare ta warke, ba ka san wanda ya yi maganin ba. In kuma duk sun fita lafiya, wataƙila allon uwa (motherboard, babban faifan da duk sassan ke haɗe a kansa) ne, wannan kam sai mai gyara.

Na ga Kernel-Power 41 a Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, shi ne matsalar?

Ba shi ba ne. Cewa kawai yake yi an mutu ba sallama, abin da ka riga ka sani. Lamba 1074 ta fi amfani, ita ce ke nuna wata manhaja ce ta nemi a sake kunnawa, sau da yawa Windows Update. In haka ne kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Saita Active hours, wato awannin aikinka, a cikin Windows Update ta daina katse maka aiki.

Ta yaya zan san ba laifin Windows ba ne?

Shiga BIOS, shafin saiti da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka bar ta a can kamar awa ɗaya. In ta mutu a nan, Windows ba ta ko tashi ba, balle a ɗora mata.

Zan iya kwance akwatin wutar in duba cikinsa?

Kada ka kuskura. Akwai sassan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare waya daga soket. Canza shi ɗungurungum.