Kwaɗon gilashi: tambayoyi kan kwaɗon da ake ganin bugun zuciyarsa

Wane irin kwaɗo ne wannan, kuma a ina yake?

Ɗan ƙaramin kwaɗo ne mai kwana a kan bishiya, yawancinsu ba sa wuce santimita 2 zuwa 3. Masana suna kiran danginsa Centrolenidae, kuma an san nau'insa fiye da 150, daga kudancin Meziko har cikin Kudancin Amurka. Inda suka fi yawa shi ne dazuzzukan tsaunukan Andes na Kolombiya da Ekwado da Peru, inda hazo ke lulluɓe itatuwa kusan kullum, ƙoramu kuma na gangarowa daga duwatsu.

Da gaske ana ganin kayan cikinsa?

Ƙwarai kuwa, amma ta ƙasa. Bayansa kore ne shar. Fatar cikin ce garau kamar farar leda: in ya manne a jikin gilashi za ka ga hanji da hanta, a wasu nau'o'in har da zuciya tana bugawa, a tamata kuma ƙwai jere. Wasunsu ma ƙasusuwansu kore ne.

Me wannan ya amfana masa?

Ɓuya. Da dare yake kiwo, da rana sai ya lafe a bayan ganye ya yi barci, ya tattara ƙafafunsa a jikinsa. Hasken da ke ratsa ganyen yana ratsa shi ma, gefen jikinsa ya saje da koren, tsuntsu ko maciji ya wuce bai ga inda kwaɗo ya ƙare ganye ya fara ba.

To jini fa? Ai ja ba ya ɓoyuwa.

A ganina nan ne babban abin mamakin, ya fi batun fatar nesa. A shekarar 2022 Carlos Taboada da Jesse Delia da abokan aikinsu suka wallafa bincike a mujallar Science kan nau'in Hyalinobatrachium fleischmanni. Sun gano cewa idan kwaɗon ya yi barci, yakan kwashe kusan kashi 89 cikin ɗari na jajayen ƙwayoyin jininsa ya cusa su cikin hanta. Ita kuma hantar tana da wani rufi mai mayar da haske, don haka jan ba ya fitowa. Jijiyoyi su koma kusan ruwa zalla, jikin ya ƙara zama garau ninki biyu zuwa uku. Da ya farka ya motsa, jinin ya sake bazuwa. Gano hakan ma sai da dabara, domin da an taɓa kwaɗon ko an sa masa maganin barci jinin zai dawo; sai da suka auna shi yana barcinsa, da na'ura mai haɗa haske da sauti.

Ga abin da ya ja hankalin likitoci: jinin ɗan Adam in ya cunkushe haka wuri guda daskarewa yake, ya toshe jijiya. Shi kuwa wannan ɗan taliki kullum sai ya yi, lafiya ƙalau.

Yaya suke haihuwa?

Macen tana saka ƙwai a kan ganyen da ya rataya bisa ƙorama. A nau'o'i da dama namiji ne mai gadi: ya kwanta kan ƙwan yana jiƙa su kada su bushe, rina in ta zo ci ya harbe ta da ƙafa. Idan suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan su sulalo su faɗa ruwa, su shige cikin ruɓaɓɓun ganye da laka a ƙasan rafin.

Suna cikin haɗari?

Da yawansu, e. Wasu nau'o'in ba su da gida sai kwari ɗaya ko biyu, to da an sare dajin, ko haƙar ma'adinai ta gurɓata ƙoramar, shi ke nan. Ga cutar fata da ta halaka kwaɗi a sassan duniya, ga masu kama su su kai Turai da Amurka a sayar wa masu kiwon sha'awa. Wannan cinikin ne ya sa a watan Nuwamba na 2022, a taron yarjejeniyar CITES (ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji) da aka yi a Panama, aka sanya dangin gaba ɗaya cikin jerin dabbobin da ba a fitar da su ƙetare sai da takardar izini.