Tseren keke cikin taɓo: tambayoyi da amsoshi kan saikulokuros da hidimar iyali

Idan hunturu ya kama a Beljiyam da Holan da Ingila, lokacin da kowa ke neman bargo da shayi mai zafi, akwai mutanen da ke loda kekuna a bayan mota tun da asuba, su kwashi iyali, su nufi wani fili da ruwan sama ya mayar caɓi. Yawancinsu ba ƙwararru ba ne. Malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da masu gyaran famfo, waɗanda ranar Litinin za su koma bakin aiki da tsamin jiki. Wasan da ke kai su can shi ake kira saikulokuros, su kuma suna taƙaita shi su ce kuros.

Wane irin tsere ne wannan?

Tsere ne da ake yi a ɗan gajeren da'ira, ana zagayawa ana maimaitawa. A ƙa'idar hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, zagaye ɗaya yana tsakanin kilomita 2.5 zuwa 3.5, kuma dole kashi 90 cikin ɗari na hanyar ya zama wanda za a iya bi a kan keke. A sauran kashi goman nan shagalin yake: taɓon da ke riƙe taya, yashi mai zurfi, matakala, hawa mai tsini, da katakai biyu da ake gicciyawa a hanya, tsayinsu bai wuce santimita 40 ba.

Ba nisa ake yankewa ba, lokaci ake yankewa. Manyan maza suna yin kimanin awa guda, mata kimanin minti 50. Alƙalai kan duba saurin zagayen farko su lissafa yawan da za a yi, in ya rage ɗaya a kaɗa ƙararrawa. Kakar wasan tana farawa wajen Satumba ta ƙare a Fabrairu.

Keken ya yi kama da na tseren kan titi, mai lanƙwasasshen hannu, sai dai tayarsa tana da haƙora, kuma a gasar UCI faɗinta ba ya wuce milimita 33. Iskar da ake sa mata kaɗan ce ƙwarai, don ta baje ta kama ƙasa. Mai faci da zai matsa ta da babban yatsa, cewa zai yi ta sace, ya jawo famfo.

Daga ina ya samo asali?

Daga Faransa, a farkon ƙarni na 20. Wani soja mai suna Daniel Gousseau ne ya shirya gasar ƙasa ta farko a 1902. 'Yan tseren titi sun ɗauki wasan hanyar motsa jiki lokacin sanyi, kuma sunansa ya ƙara fitowa bayan Octave Lapize, wanda ke yin sa da hunturu, ya ci gasar Tour de France a 1910. An yi gasar duniya ta farko a birnin Paris a 1950, Jean Robic ya cinye. Mata sai da suka jira har shekarar 2000 kafin a ba su tasu, Bajamushiya Hanka Kupfernagel ta ɗauka.

Amma yau cibiyarsa yankin Filandas ce ta Beljiyam. A can dubban mutane ke biyan kuɗin shiga su tsaya cikin sanyi da takalman roba, ana nunawa kai tsaye a talabijin, musamman a makonnin Kirsimeti da ake jera gasa kusan kullum. Kowane fili da halinsa: Koksijde tuddan rairayi ne a bakin teku, Zonhoven kuma akwai wani ƙaton ramin yashi da ake gangarawa cikinsa, 'yan kallo sun kewaye shi kamar dandalin dambe.

Me ya sa mutum zai sauka ya saɓa keke, alhali tseren keke ake yi?

Saboda wani lokacin ƙafa ta fi taya sauri. Duk wanda ya taɓa shiga yashi da keke ya san yadda gaban ke rawa, feda ta yi nauyi, mutum ya tsinci kansa yana turawa. A kuros an mai da wannan gwaninta. Mai tsere yana tahowa da gudu, ya zare ƙafar dama ya zagayo da ita ta baya, ya dira yana cikin gudu, ya cusa hannu ya ɗora keken a kafaɗa, ya haye tudu, ya sauke, ya yi tsalle ya faɗa kan sirdi da cikin cinyarsa. Gwani zai yi duk wannan ba ka ga inda ya rage gudu ba. Sabon shiga kuwa, a nan ake cin dariyarsa, kuma a nan yake koyon cewa dirar sirdi tana da ladubba.

Da shi da tseren keken dutse ba abu ɗaya ba ne?

'Yan uwa ne, amma ba uwa ɗaya ba. Keken dutse a Kalifoniya aka haife shi a shekarun 1970, lokacin da su Gary Fisher da Joe Breeze ke gangaro tsaunukan gundumar Marin da tsofaffin kekuna. Ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, abin da kuros bai samu ba. Sai kuma tseren hanyar tsakuwa da ya yi tashe daga baya, irin Unbound da ake yi a jihar Kansas, mil 200 a rana ɗaya. A Afirka ta Kudu akwai tseren keken dutse na Cape Epic, tun 2004, kwana takwas, mutum biyu-biyu.

Ka riƙe waɗannan alƙaluma, mil 200 da kwana takwas, domin su ne amsar tambaya ta gaba.

To me ya sa masu iyali suka fi karkata ga kuros?

Lokaci. Wanda zai shiga tseren mil 200 sai ya riƙa kwashe awa biyar ko shida a kan keke ranar Asabar, watanni a jere, ya dawo ba ya iya ɗaga ko cokali. Gidan da ke da jariri da ɗan yaye ba zai jure wannan ba, ko ya jure to wani ne ke haƙuri ana ganin kamar lafiya. A ƙananan gasannin kuros na yanki kuwa, tseren 'yan shekara 40 zuwa sama kimanin minti 40 ne. A sha wuya ƙwarai, numfashi kamar zai ɗauke, amma kafin shayin da ke cikin filas ya huce an gama.

Na biyu shi ne wurin. Tseren titi, in ka je kallon mijinki ko matarka, ka tsaya awa biyu a bakin hanya, su wuce fuu cikin daƙiƙa goma, shi ke nan. A kuros da'irar tana naɗe cikin fili ɗaya, sau da yawa filin makaranta ko wurin shaƙatawa ko gonar wani, an ja zaren roba an kewaye, babu mota. Yaro zai ga babansa sau shida ko bakwai, in ya ruga ya yanke ta tsakiya ma ya gan shi sau biyu a zagaye ɗaya. Zai ga lokacin da ya faɗi, ya ga ya tashi.

Na uku, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan abin: kowa na gidan yana da nasa tseren a rana ɗaya. A gasannin yanki na Birtaniya ana farawa da ƙananan yara, 'yan ƙasa da shekara takwas da goma da sha biyu, a gajeriyar hanya ta minti goma zuwa sha biyar, sannan matasa, sannan mata da dattawa da manya. Har 'yan shekara 60 suna da rukuninsu. Uwa ta yi nata uba yana riƙe da jariri, ta gama su yi musanye. A Amurka ma haka abin yake, gasar Cross Crusade ta birnin Portland ta yi suna wajen tara fiye da mutum dubu a rana ɗaya, ana ta kaɗa ƙararrawar shanu ana yi wa masu tsere tsiya.

Akwai kuma wani rufin asiri da wasan ke da shi. Bayan zagaye biyu ko uku mutane sun warwatse, na gaba ya kamo na baya, ɗan kallo ba ya iya gane wa ke na goma wa ke na hamsin. Mai tumbi da ya fara keke bara yana da abokan karawarsa uku ko huɗu, da su yake yi duk mako, kuma wuce ɗaya daga cikinsu ya ishe shi labari har Laraba.

Yaya ranar tseren take kasancewa?

Tun daren jajibere ake farawa: a jera hulunan kwano, safar hannu, kayan canji na kowa, tsofaffin tawul, buhunan leda na zuba jiƙaƙƙun kaya, burodi da ayaba. Da safe a rasa takalmin ƙaramin ƙafa ɗaya. A isa fili a yi rajista, a maƙala lamba da fil a bayan riga da yatsun da sanyi ya ƙandarar.

Tseren 'yan ƙanana shi ne abin kallo. Yarinya 'yar shekara shida ta zo gaban katako, ta sauka, ta kama keken da ya kusa nauyinta tana ja, hanci na yoyo, mahaifinta yana gudu a wajen zare yana ihu har muryarsa ta dishe. Tana gamawa sai a naɗe ta da tawul, a cire mata safa a cikin mota, a miƙa mata koko mai zafi. Shi kuma uban, da ya kamata a ce yana ɗumama jiki don nasa tseren, sai ya duba agogo ya ga saura minti bakwai. Yawancin iyaye haka suke shiga layi, ba su ko zagaya hanyar sun gani ba.

Magidanci mai aiki a ina zai samu lokacin atisaye?

A tsakankanin hidima. Tun da tseren gajere ne mai zafi, atisayensa ma haka: minti 45 zuwa awa ɗaya, a taka da ƙarfi na minti biyu ko uku, a sassauta, a sake. Wasu suna kafa keken a kan wata na'ura a gareji su taka bayan yara sun yi barci, wasu su mai da zuwa aiki da dawowa atisaye. Sauka da hawa da kwana kuwa a filin unguwa ake koyonsu, kuma wannan ɓangaren yara sun fi iyayensu saurin kamawa.

Ba wasan masu kuɗi ba ne?

A matakin ƙwararru, shi ne. Akwai wuri a gefen hanya da aka ware don canjin keke. Ranar taɓo ƙwararre yana iya canzawa kowane rabin zagaye: ya jefa mai datti, ya cafki wankakke, makanikai su ruga da wancan wurin injin feshin ruwa. Kekuna uku ko fiye, tayoyi kala-kala, ga motar kwana.

Ɗan sha'awa ba ya buƙatar ko kusa da haka. Ƙananan gasanni da yawa suna barin mutum ya shiga da keken dutse, yara kuwa da duk keken da ke da birki mai kyau. Inda kuɗin ke zurarewa a hankali shi ne gyara: laka da yashi suna cin sarƙa, suna cin robar birki, kuma ƙarfen canjin giya na baya yakan karye in ciyawa da taɓo suka cushe shi. Ga yara suna girma, keken bara ya yi kaɗan bana. Shi ya sa a bakin fili kasuwar kayan hannu ba ta mutuwa.

An ce wasan iyali ne. Kowa ne ke jin daɗinsa a gidan?

Nan ne ake yawan rufa-rufa. Wanda ke tsaye da bokiti da burushi a wurin canjin keke, ƙafafu cikin ruwan sanyi, galibi matar mai tseren ce ko mijinta ko tsohon mahaifinsa, kuma ba a kiran sunansa a lasifika. An dawo gida ma aiki bai ƙare ba: kekuna huɗu na jiran tiyo a cikin duhu, kaya sai an fara ɗauraye su a waje don yashi kada ya kashe injin wanki, cikin mota kamar an yi noma. In mutum ɗaya ne ke tsere duk Lahadi daga Satumba zuwa Janairu, ɗayan yana wanki da raino, to wannan ba wasan iyali ba ne, wasan mutum ɗaya ne da iyali ke yi wa hidima. Gidajen da abin ya ɗore musu su ne waɗanda suka zauna da kalanda tun kafin kaka ta fara, aka ce wannan makon naka, wancan nawa, na ukun ba inda za mu.

Akwai haɗari?

Faɗuwa kam dole ce, sai dai gudun bai kai na titi ba, ƙasar kuma da laushi. An fi samun ƙujewa da targaɗe, jefi-jefi karayar ƙashin kafaɗa. Ga yara, sanyi ya fi faɗuwa zama abin tsoro, shi ya sa ake gaggawar cire musu jiƙaƙƙun kaya.

Da gaske ne manyan zakarun gado suka yi?

Da yawansu. Mathieu van der Poel na Holan, wanda a 2025 ya ci gasar duniya karo na bakwai ya kamo tarihin Erik De Vlaeminck na Beljiyam, ɗan Adrie van der Poel ne, zakaran duniya na 1996, kuma jikan shahararren ɗan tseren keke Raymond Poulidor na Faransa ta wajen uwa. A gasar duniya ta 2023 ya doke Wout van Aert na Beljiyam a garin Hoogerheide na Holan, a hanyar da mahaifinsa ya tsara. Shi De Vlaeminck ɗin, a 1968 shi ya ci na ƙwararru, ƙanensa Roger ya ci na 'yan sha'awa. Sven Nys ya ci a 2005 da 2013, ɗansa Thibau ya ci na matasa a 2020.

Waɗannan sunaye suna sa wasu iyaye zaƙewa. A kowane fili za ka ga uban da ke tsawa wa ɗan shekara tara don an wuce shi a kwana, yaron na hawaye yana taka feda. Masu shirya gasar yara sun san wannan, shi ya sa a wurare da yawa duk wanda ya ƙarasa ana ba shi wani abu, alawa ko 'yar lambar wuya, ko na nawa ya zo. Galibin yaran ma in ka tambaye su a mota ba su san matsayinsu ba, abin da za su ba ka labari shi ne kududdufin da suka faɗa.